Manja: Yadda Muka Koma Sayen Abin Da Muka Saba Sayar Wa Duniya

Duk ɗalibin da ya taɓa girki a ɗakin kwanan makaranta ya san darajar manja. Idan wata ya yi nisa, kuɗin da aka turo daga gida suka ƙare, abin da ke rufa mana asiri bai wuce shinkafa da wake ba, sai ɗan yaji da cokali biyu na manja. Da shi muke dafa-duka, da shi muke faten wake, da shi muke cin rogo da ɗanwake. A ɗakinmu mu huɗu ne, kuma tun muna aji ɗaya muke karo-karo mu sayi kayan girki tare. A wancan lokacin galan muke saye ya kai mu ƙarshen zango. Da muka shiga aji biyu sai muka koma kwalba. Yanzu kuwa akwai makon da sai dai mu sayi ɗauri a leda, mu riƙa ɗiga shi a tukunya kamar magani.

Wata rana muna lissafin kuɗin cefane sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Ɗaya ya ce laifin 'yan kasuwa ne, ɗaya ya ce dala ce, ɗaya kuma ya ce ai manjan ne ya ƙare a Kudu. Wannan gardama ce ta sa muka zauna muka bi diddigin lamarin. Abin da muka gano shi ne manja bai ƙare ba. Hasali ma abin da Najeriya ke samarwa yau ya fi na zamanin kakanninmu yawa. Mu ne muka ƙaru, itatuwan kuma suka tsufa.

Lokacin da muke kan gaba

Asalin itacen kwakwar manja na Afirka ta Yamma ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen kurmi ke cin mansa, suna yin sabulu da shi, suna fasa ƙwallonsa su fitar da man alayyadi. A ƙarni na 19, bayan an hana cinikin bayi, masana'antun Ingila suka buƙaci manja don yin sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Cinikin ya bunƙasa har Turawa suka raɗa wa yankin Neja Delta suna da ke nufin kogunan mai, tun ba a san da man fetur a wurin ba. A kan wannan ciniki ne Sarki Jaja na Opobo ya yi ƙarfi, a kansa ne kuma ya saɓa da Turawa har suka kore shi daga ƙasarsa a 1887.

A farkon shekarun 1960 Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen samar da manja, inda take da fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa. Kamar yadda gyaɗa da auduga suka riƙe Arewa, koko ya riƙe Yamma, haka manja da ƙwallonsa suka riƙe Gabas.

Yau Najeriya ce ta biyar, bayan Indonesiya da Malesiya da Tailan da Kolombiya. Abin da muke samarwa a shekara yana wajen tan miliyan ɗaya da rabi, wato bai wuce kashi 2 cikin 100 na duniya ba. Indonesiya kaɗai tana samar da fiye da tan miliyan 40, Malesiya kuma kusan miliyan 20.

Amma ga inda lissafin yake da ban sha'awa. A lokacin da muke na ɗaya, abin da muke samarwa bai kai tan dubu 700 ba. Ke nan yau mun ninka shi fiye da sau biyu. Sai dai a 1960 yawan 'yan Najeriya wajen miliyan 45 ne, yanzu kuwa mun haura miliyan 200. Manja ya ninka sau biyu, bakunan da ke cinsa sun ninka kusan sau biyar. Wannan tazara ita ce muke gani a ƙasan tukunyarmu, kuma ita ce ta sa ƙasar ke shigo da dubban ɗaruruwan tan duk shekara daga Malesiya da Indonesiya da wasu maƙwabta.

Shin Malesiya daga wurinmu ta ɗauki iri?

Kusan dukkanmu mun taɓa jin wani malami ko ɗan siyasa yana cewa 'yan Malesiya sun zo Najeriya bayan samun 'yanci, suka ɗauki irin kwakwa, suka je suka fi mu. Labarin yana da daɗin faɗa, amma ba haka tarihin yake ba.

Kwakwar manja ta isa yankin Asiya tun 1848, lokacin da aka dasa guda huɗu a lambun tsirrai na Bogor da ke tsibirin Jaba na Indonesiya. An buɗe gonar kasuwanci ta farko a Sumatra a 1911, a Malesiya kuma a 1917. Gaskiya ne masu bincike na Malesiya sun zo Najeriya a 1973, suka tattara iri iri-iri tare da takwarorinsu na nan domin inganta nasu. Amma a lokacin sun riga sun yi nisa.

Abin da suka fi mu da shi tsari ne. A 1956 suka kafa hukumar FELDA, wadda ta riƙa share fili tana zaunar da talakawa marasa gona, tana ba su iri mai kyau, tana gina matatar mai kusa da su, su kuma su biya a hankali. Har wani ɗan ƙwaro da ke taimaka wa furen kwakwa ya yi 'ya'ya suka ɗauko daga Kamaru a 1981, amfaninsu ya ƙaru. Sun ɗauki itacen da mu muke ganin yana fitowa da kansa a daji, suka mayar da shi sana'ar da ake lissafi a kanta.

Inda muka yi sake

Abubuwa da dama ne suka haɗu. Na farko, hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa tun zamanin Turawa suna sayen manja a hannun manomi da araha, su sayar a waje da tsada, ribar ta tafi baitulmalin gwamnati. Manomin da ba ya ganin riba ba zai sare tsohon itace ya dasa sabo ba. Sai a 1986 aka rushe waɗannan hukumomi.

Na biyu, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an yi shi ne a tsakiyar yankin da ya fi samar da manja. Gonaki sun zama kufai, matatu sun lalace, kuma a daidai wannan lokaci ne Malesiya ke faɗaɗa nata.

Na uku, man fetur. An gano shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kuma da kuɗinsa suka fara shigowa da yawa a shekarun 1970 sai hankalin hukuma ya bar gona. Mu 'yan Arewa ba baƙon labari ba ne a wurinmu, domin a wannan zamanin ne dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. An kafa wasu manyan gonakin gwamnati, irin su Adapalm a Imo da Risonpalm a Ribas, amma sun sha fama da rashin kulawa na tsawon shekaru.

Tsohon itace da tsohuwar hanya

Idan ana maganar manja a Najeriya mutum zai zaci manyan gonaki ne ke samar da shi. A'a. Wajen kashi 80 cikin 100 yana fitowa ne daga ƙananan manoma da itatuwan da suka tsiro da kansu a kurmi. Manyan kamfanoni irin su Okomu da Presco a Jihar Edo, da Wilmar a Kuros Riba, su ne ke cike sauran.

Yawancin itatuwan daji irin da ake kira dura ne. Ƙwallonsa yana da kauri, tsokar da ke ba da mai kuma 'yar kaɗan ce. Akwai wani iri mai suna pisifera wanda ba shi da ɓawon ƙwallo. Idan aka haɗa auren biyun sai a samu tenera, mai siririn ɓawo da tsoka mai yawa. Shi ne irin da manyan gonaki ke dasawa a ko'ina a duniya. Yana fara 'ya'ya a wajen shekara uku, ana cin moriyarsa har kusan shekara 25. Hekta ɗaya tana ɗaukar itace 143 idan aka ba da tazarar mita tara. A Malesiya hekta ɗaya ta irin wannan tana ba da tan uku zuwa huɗu na mai a shekara. Kurmin da ya tsiro da kansa kuwa ko tan ɗaya ba ya kaiwa.

Abin mamaki, muna da cibiyar da ke samar da wannan iri. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, tana kusa da birnin Benin, kuma tushenta ya faro tun 1939. Matsalar ita ce iri nagari ba ya isa hannun kowa. Manomi da yawa sukan tsinci ƙwallon da ya faɗo ƙarƙashin itace mai kyau su shuka, ba su san cewa 'ya'yan tenera ba sa gadon uwarsu gaba ɗaya ba. Wasu kuma 'yan damfara ne ke sayar musu da dashen bogi. Ba za su gane an cuce su ba sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da itacen ya fara haihuwa.

Bayan iri sai matsa. A ƙauyuka da yawa har yanzu dafa 'ya'yan ake yi a ganga, a daka a turmi ko a tattaka, a zuba ruwa a kwashe man da ya taso. Matatar zamani tana fitar da wajen kilo 20 na mai daga kilo 100 na nonon kwakwa. Hanyar gargajiya da ƙyar take ba da rabin haka. Ke nan akwai man da aka riga aka noma, aka sare, aka ɗauko, amma ya tafi a cikin tuƙa.

Akwai kuma batun lokaci. Nonon kwakwa yana son a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu da sarewa. Idan ya daɗe a ajiye sai tsamin man ya ƙaru. Irin wannan man yana da ɗanɗanon da wasu ke so a miya, amma masana'antu ba sa iya aiki da shi. Su suna neman wanda tsaminsa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa ko a shekarar da manja ya yi yawa a kasuwa za ka ga kamfanoni suna neman shigo da nasu daga waje.

Manjan da muke ci ba mu sani ba

Wannan ne ya fi ba mu mamaki. Mun ɗauka manja shi ne jan man nan kawai. Ashe idan aka tace shi aka cire launi da ƙamshi, fari yake komawa. Da yawa daga cikin man girkin da muke saye a jarka muna kiransa man gyaɗa, tataccen manja ne. Shi ya sa da sanyin hunturu za ka ga ya yi barci a kwalba, sai an kai shi rana ko kusa da wuta.

Taliyar leda da muke dafawa da daddare idan karatu ya yi zafi, da manja aka soya ta kafin a ƙunshe. Yana cikin biskit da bota da sabulun wanka da na wanki. Don haka ɗalibin da ya ce shi ba ya cin manja, wataƙila ya ci shi sau uku kafin azahar. Wannan buƙata ta masana'antu tana ƙaruwa kullum, kuma rumbu ɗaya suke ɗiba da uwar gida mai miyar taushe.

Me ya sa farashi ke hawa da sauka?

Manja yana da kaka. Daga wajen Fabrairu zuwa Mayu kwakwa ke yawan nuna, man ya cika kasuwa, farashi ya sauka. Daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara kuma sai ya yi ƙaranci, ga bukukuwa, farashi ya tashi. 'Yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suke saye a jarkoki masu lita 25 lokacin araha su ajiye. Mu da ke Arewa akwai ƙarin kuɗin mota a kanmu. Manjan da ake saukewa a Kasuwar Galadima ta Kano, misali, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Edo ko Imo ko Akwa Ibom ko ƙasar Igala a Jihar Kogi. Duk abin da ya taɓa man mota, ko ya ƙara shingaye a hanya, sai ya bayyana a kwalbarmu.

Sannan akwai manufofin gwamnati. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa manja cikin jerin kayayyaki 41 da ya daina bai wa masu shigo da su dala a farashin hukuma. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disambar 2020. Manufar ita ce a ƙarfafa noman cikin gida, kuma lallai manyan kamfanoni sun faɗaɗa gonakinsu, Jihar Edo ma ta ware filaye masu yawa don sabbin gonaki. Amma rufe ƙofa a yau ba ya sa itace ya haihu gobe. A tsakanin rufewar da haihuwar, mai saye ne ke biya. A Oktoban 2023 bankin ya janye wancan takunkumi, sai dai a shekarar ce aka cire tallafin fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, don haka na wajen ma bai zo da sauƙi ba.

Tunda muna cike giɓinmu daga waje, abin da ya faru a can yana iso mu. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tsayar da man sunfulawa, duniya ta koma kan manja. Farashi ya tashi har Indonesiya ta hana fitar da nata daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu domin ta sauƙaƙa wa 'yan ƙasarta. Yanzu kuma Indonesiya tana ƙara yawan manjan da take haɗawa da man dizal don motocinta, daga kashi 35 cikin 100 a 2023 zuwa kashi 40 a 2025. Duk tan ɗin da ya shiga tankin mota a Jakarta, ya fita daga kasuwar da muke saye ke nan.

Hattara da jan da ya wuce kima

Tsada tana jawo algus. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba wani rini da ake kira Sudan a cikin manja domin ya ƙara ja. Rini ne na masana'antu da ake amfani da shi a fenti da man goge takalmi, an haramta shi a abinci saboda ana danganta shi da cutar daji. Jan manja na gaskiya daga wani sinadari yake zuwa wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga ido da garkuwar jiki, musamman ga yara. Abin takaici ne a ce abin da ya kamata ya zama kariya ya koma cuta.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da algus, sai an kai ɗakin gwaji. Amma akwai abin da za mu iya: mu riƙa saye wurin wanda muka sani, mu yi taka-tsantsan da man da jansa ya yi yawa ko arharsa ta yi yawa, mu kuma daina ƙona manja har ya yi fari yana hayaƙi, domin hakan na kashe amfaninsa.

Ina namu a ciki?

Wani zai ce kwakwa ba ta yi a Kano ko Sakkwato, to ina ruwanmu? Gaskiya ne tana son ruwan sama mai yawa. Amma tana yi a Kogi da Binuwai da Nasarawa da yankin Kurmi na Jihar Taraba da wasu sassan Kudancin Kaduna. Kuma sana'ar ba ta tsaya a gona ba. Akwai rainon dashe nagari, aikin da ɗalibin noma zai iya farawa da ɗan fili. Akwai ƙera ƙananan injinan matsa da gyaransu, wanda ke jiran ɗaliban injiniya. Akwai gwajin inganci da ƙunshewa a kwalba mai hatimi, ga masu karatun kimiyyar abinci da sinadarai. Akwai dako da ajiya da rarrabawa, waɗanda dama 'yan Arewa sun daɗe a cikinsu. Da yawa daga cikinmu bautar ƙasa za ta kai mu jihohin da ake wannan noma. Shekara guda ta isa mutum ya koyi yadda ake gane iri, da inda kasuwa take, da amintattun mutane.

Sai dai kada mu ruɗu. Ajiyar manja ba kullum take riba ba, domin akwai shekarar da farashi ke karyewa, kuma man da aka ajiye da ruwa a cikinsa lalacewa yake yi. Masu tallar cewa ka turo kuɗi a saya maka a ajiye a ninka maka cikin wata uku, a bincike su da kyau kafin a ba su ko sisi. Haka kuma faɗaɗa gonaki yana da nasa haɗari. A Indonesiya da Malesiya an share dazuzzuka masu yawa, a nan gida ma ana samun saɓani tsakanin manyan gonaki da al'ummomin da ke kewaye da su kan filaye. Hanyar da ta fi sauƙin illa ita ce a sabunta tsofaffin itatuwan da muke da su, a kuma daina asarar mai wurin matsa, kafin a kai gatari sabon daji.

Mun koma ɗakinmu da amsar gardamarmu: kowa a cikinmu yana da ɗan gaskiya, amma tushen ya fi abin da muka zata zurfi. Manjan da muke ci yau daga itatuwan da aka dasa kafin a haife mu yake fitowa, wasu ma ba wanda ya dasa su. Itacen da aka dasa a daminar bana zai fara haihuwa ne daidai lokacin da 'yan aji ɗaya na yanzu ke shirin rubuta jarrabawar ƙarshe, zai kuma ci gaba da bayarwa har 'ya'yansu su shigo jami'a. Idan ba a dasa ba, su ma za su zo su tarar da ɗaurin leda, wataƙila ma ƙarami fiye da namu.